Inna Mai Gyaran Shafin Tsakiya

Shekara ashirin da shida ke nan, kafin mai shara ya gama da baranda, Inna ta riga ta buɗe ɗakin buga takardu na sashen koyon aikin jarida. Ta yaye ƙyallen da ke kan kwamfutoci, ta ɗora tabarau a karan hanci, ta zauna jiran ɗalibai. A takardar ɗaukar aiki, mai buga rubutu ce kawai. Amma duk wanda ya bi ta sashen ya san a hannunta ake koyon tsara shafi, musamman shafuka biyun nan na tsakiyar mujalla, waɗanda ake ba kowane ɗalibin ajin ƙarshe ya tsara a ba shi maki.

Ba ta da faɗa. In ka cunkushe shafi da rubutu, sai ta ce ai ko ɗaki ana bar masa taga. Wani da ya zuba salon haruffa har kala bakwai a shafi guda, tambayarsa ta yi ko kowane layi da uwarsa daban.

Wata shekara, wata ɗaliba ta tsara shafukanta a kan mahaifinta, tela, wanda bai daɗe da rasuwa ba. Ta shimfiɗa hotonsa ya cika shafukan biyu. Inna na dubawa ta ga fuskar ta faɗo daidai inda za a ninke mujallar a ɗinke da waya. Ta nemi yarinyar ba ta samu ba, ga shi ranar za a kai wa masu bugawa, sai ta ɗan matsar da hoton hagu.

Da ɗalibar ta gani, ko tsayawa jin dalili ba ta yi ba.

"Wa ya ce ki taɓa mini Baba?"

"'Yata, ninki ne zai ci fuskarsa," in ji Inna.

Yarinyar ta mayar da hoton inda yake, ta kai ƙara wurin shugaban sashe. Aka ba Inna takardar gargaɗi, aka hana ta sa hannu a aikin ɗalibai. Ta karɓa. Daga ranar sai dai ta tsaya bayan kujera, hannuwa a baya, ta yi nuni da haɓa. A haka ta ci gaba da koyarwa.

Mujalla ta fito, waya biyu a tsakiyar fuskar telan, ido ɗaya ya shige cikin ninki. Ɗalibar ta yi kuka, amma kunya ta hana ta komawa ɗakin. Ta gama makaranta, ta samu aikin tsara shafi, shekara goma sha ɗaya tana cin abinci da abin da Inna ta koya mata.

Inna, ɗalibar nan ni ce. Ke ce uwar da aka yi wa tsawa ta amsa da "'yata". Na ji a ƙarshen watan nan za ki yi ritaya, kuma har yau takardar nan na cikin fayil ɗinki. Na rubuta wa sashen na roƙi a cire ta, aka ce lokaci ya wuce.

Na gode, Inna, ki yafe mini. Allah Ya ba ki hutu mai albarka. Masu aiki su yi koyi da haƙurinki. Duk kuma wanda ke da irin Inna a rayuwarsa, ya tashi ya je ya gaishe ta tun ƙafarta na zuwa wurin aiki. Ni ranar Litinin zan je, in ta yarda ta gan ni.