Yarabancin Kaka

Ɗazu a motar Funtua na ji ana gardama a rediyo, wai ko tsufa yana hana mutum koyon sabon yare. Sai na tuna Kaka.

Haƙoranta sun riga sun zube lokacin da ta fara koyon Yarabanci. Ƙanin babana ne ya kawo 'yarsa daga Ibadan, yarinyar ba ta jin Hausa. Kaka ta yi ta janta da wasa, ita kuwa sai ido. Da suka koma, Kaka ta liƙe wa maƙwabciyarmu Bayarabiya mai manja. Tana ɓarar gyaɗa tana nanata kalma ɗaya har magariba, muna dariya.

Babana ya ce, "Inna, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Ta ce, "Busasshen ma jiƙa shi ake yi. Ba zan mutu ban yi hira da jikata ba."

Ranar da ciwonta ya tsananta, ta riƙe hannuna, tafinta sanyi ƙalau, ta faɗi wata magana da Yarabanci, ta ce in isar wa yarinyar. Mai manja da za ta fassara mini tana kasuwar Malumfashi. Kafin ta dawo Kaka ta cika. Na maimaita wa mai manja abin da na riƙe, ta girgiza kai, ba ta gane ba.

Har yau sautin yana kunnena, ma'anar babu.

Ya Allah, Kai Ka ji abin da ta ce. Ka jiƙanta, Ka isar da saƙon da na kasa.