Ranar da Muka Raka Ƙuri'a Har Pleasant Garden

Makomar kowace al'umma a wuyan direban motar makaranta take rataye. Na karanta tarihin dauloli gwargwado, na ma koyar da shi a wata sakandare a gida kafin in zo nan ƙasar Turawa in koma jera kwalaye a sito, amma ban san wani sarki da rashin fitowarsa ya taɓa tayar mini da hankali kamar matar da ke tuƙa bas mai ruwan ɗorawa a titinmu na McLeansville ba.

Bas ɗin nan shi ke kai 'yata wata makarantar gwamnati a can cikin Greensboro, inda ake ba da ƙarfi a kimiyya. Da ƙyar ta samu gurbi, tana kuma son wurin kamar ranta. Mota ɗaya gare mu, ita ke kwasarmu ni da mahaifiyarta zuwa aiki tun gari bai waye ba. A McLeansville kuwa wanda ba shi da mota ba shi da ƙafa. In bas ya daina zuwa, makarantar ta ƙare mata.

Sai ga zaɓen hukumar makarantu. Zaɓen fidda gwani ne, amma a yankinmu wanda ya ci shi ya ci kujera. Mutum biyu ke nema. Namijin ya ce a soke dogayen hanyoyin bas, kowane yaro ya yi karatu a unguwarsu. Magana ce mai daɗi in unguwarku Irving Park ce, inda motocin gida suka fi mutanen gida yawa. Macen, wata tsohuwar malama, ta ce a bar bas. Hukumar ta rabu biyu a kan batun, wannan kujera ce za ta rinjayar.

Shekarata ɗaya ke nan da zama ɗan ƙasa, ban taɓa jefa ƙuri'a a nan ba, kuma tsoro nake ji. Ina da dalili. Zaɓen ƙarshe da na gani a gida ni ne ma'aikacin rumfa. Ana cikin ƙirge wasu samari suka zo a kan babura suka sure akwatin, ni kuma na tsinci kaina a ƙarƙashin benci, malamin tarihi yana kallon tarihi ta tsakanin ƙafafun mutane. Tun ranar na haddace darasin da kowane ɗan Arewa ya sani: a kasa, a tsare, a raka. Ƙuri'ar da ba a tsare ba, kyauta ce ga ɓarawo.

Ba ni kaɗai ke da wannan aƙida ba. Akwai Alhaji, dattijo direban tasi da ya fi shekara ashirin a garin, da kuma Anti, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Jos wadda ɗanta ke hawa bas ɗaya da 'yata. Muka yi shawara za mu tsare rumfarmu.

Rumfar a zauren wata majami'a take. Da na taso aiki wajen la'asar na tarar da su tuni a filin ajiye motoci, cikin motar Alhaji, da fulas ɗin shayi. Na shiga. Babu layi, babu hayaniya, babu ko ɗan sanda, sai wasu tsofaffin mata uku da na'ura. Shirun nan ya fi ihu ba ni tsoro, don a sanina inda aka yi shiru ranar zaɓe, to an riga an gama aiki. Na cike takardar, na'urar ta haɗiye ta, na fito na shiga bayan mota.

Muka zauna muna kallon ƙofa. Bayan kamar awa ɗaya ɗaya daga cikin tsofaffin ta tako har wurinmu, ta ƙwanƙwasa gilashi, ta tambaya cikin fara'a ko muna bukatar taimako.

"Muna jiran wani ne," in ji Alhaji da Turancinsa na tasi.

Ta koma, amma ta waigo sau biyu.

"Ta ɗauki lambarmu," in ji Anti. "Malam, ni fa ina da lasisin aiki. In aka rubuta sunana a wata takarda, wa zai ciyar da yarana, kai ko Alhaji?"

"Haba Anti, ke da kike soka wa ƙarti allura?"

"Ƙartin a kwance suke, Alhaji."

Motar 'yan sanda ta wuce a titi a hankali. Ba wanda ya ƙara kurɓar shayi. Na riƙa lissafa abin da mutum uku baƙaƙe a cikin mota a gaban rumfar zaɓe za su yi kama da shi a idon wanda bai taɓa ganin an sure akwati ba. Lissafin bai yi mini daɗi ba.

Aka rufe rumfa rana ba ta faɗi ba. Can sai wani farin mutum mai ƙiba ya fito ta ƙofar baya, ya loda kwalaye huɗu a wata farar mota, ya ja.

"Ga su nan!" in ji Alhaji. "Ta ƙofar baya! Na gaya muku ko ban gaya muku ba?"

Muka bi shi. Na ɗauka cikin gari zai nufa, inda ofisoshin gwamnati suke, sai ya miƙe kudu. Gidaje suka fara nisa da juna, filaye suka buɗe, muka ga allon ƙauyen Pleasant Garden. Anti ta fara addu'a a bayyane, ni ina yin tawa a ɓoye. Mutumin ya rage gudu, mu ma muka rage. Ya ƙara, muka ƙara. Sai ya karya ya shiga wata doguwar hanyar tsakuwa, Alhaji kuma, da ƙwarewar shekara ashirin, ya bi shi har cikin gidansa.

Mutumin ya fito ya tsaya, hannu ɗaya a bayansa. Wani ƙaton kare ya taho ya tsaya kusa da shi. Kowa ya san bindigogin da ake ajiyewa a irin waɗannan gidaje, da kuma abin da ke iya faruwa da baƙon da ya shigo ba sallama. Abin da ya zo mini a rai shi ne 'yata tana gida tana jiran in zo in sa hannu a takardar makarantarta.

"Malam, kai ne mai Turanci," in ji Alhaji, yana ƙara nutsewa a kujera.

Na fito hannuwana a sama. Na yi masa bayani da Turancin aji, jimla a bayan jimla, cewa mu iyayen yara ne, ƙuri'u muke rakiya. Sannan ya fito da hannun, waya ce a ciki. Ya buɗe bayan motar. Gwangwanayen wake ne da masara, na sadakar majami'a, zai raba wa mabukata da safe. Ya ce ƙuri'u ma'aikatan zaɓe ke kai su da kansu, kuma da mun tambaya da an gaya mana. Ya tambaye mu ko muna son wake.

Muka juya muka dawo gari. Washegari sakamako ya fito: malamar ta faɗi, da ɗan rinjaye kaɗan. Babu wanda ya saci komai. Kafin sabon zango aka aiko mana da wasiƙa cewa bas ba zai ƙara bin titinmu ba. 'Yata ta karanta da kanta, ta naɗe, ta shiga ɗaki.

Ranar Juma'a na tarar da Alhaji a bakin masallaci yana bayanin yadda aka yi maguɗi. Na ja shi gefe na tambaye shi da ƙarfe nawa ya jefa tasa ƙuri'ar ranar zaɓe. Ya ce shi bai taɓa yin rajista ba, yana tsoron kada a sa shi cikin mutanen gari da kotu ke kira su taya alƙali yanke hukunci, ya rasa kwanakin aiki. Na kira Anti, ta ce ai takardunta na zama 'yar ƙasa ba su fito ba tukuna.

A cikin mu ukun, ni kaɗai na jefa ƙuri'a.