Rabi, Yauƙin Tarwaɗa da Maganin da Bai Iso Ba

Bana shekara bakwai ke nan da muka kai ƙanwata Rabi makwancinta a Birnin Kebbi. Ana cewa lokaci yakan rage zafin rashi. Ni dai ban ga ya ragu ba, wuri kawai ya sauya. Da kewarta nake yi, yanzu kuwa takaicin aikin da ta fara bai ƙarasu ba ne yake cina.

Mu 'ya'yan masunta ne daga Argungu. Ni na tsaya gida ina noman shinkafa a fadama, ita kuwa ta yi karatu mai zurfi kan sinadaran jikin halitta, har ta zama malama a wata babbar makaranta a Birnin Kebbi. Rasuwar Innarmu ce ta kai ta wannan fanni. Idanun Inna suka yi rawaya, cikinta ya kumbura, muka yi ta jiƙe-jiƙe, wasu na cewa sammu ne. Rashin sani ya fi dare duhu. Sai bayan shekaru, da Rabi ta tara mu ta sa aka ɗebi jininmu, muka san sunan abin: ciwon hanta, irin wanda ƙwayar bairas ke kawowa, wanda uwa kan ba jaririnta wajen haihuwa. Ni aka same ni lafiya. Ita aka sami ƙwayar a jininta.

Ban manta ranar da ta zo gida ta tarar ana sauke kifi a bakin gulbi ba. Ta tsuguna ta shafi bayan wata tarwaɗa, ta ɗago yatsa yauƙi na binsa.

Ta ce, "Yaya, ka taɓa tambayar kanka mi ya hana kifin ga ruɓewa da ransa, alhali cikin laka yake kwana?"

Na ce, "Ikon Allah."

Ta yi dariya. "Ikon Allah na, amma cikin yauƙin ga Ya aje shi."

Nan ta bayyana mini cewa a cikin yauƙin akwai wasu 'yan gutsattsarin furotin da masana ke kira feftayid. Ta ce in ɗauki furotin kamar dogon carbi, feftayid kuwa ɗan guntun da aka tsinko daga jikinsa. Bairas ba ya hayayyafa sai ya kutsa cikin ƙwayoyin jikin mutum, kuma ƙofa yake bi. Wani feftayid yakan tsaya a ƙofar ya toshe ta, wani ya yaga rigar bairas ɗin tun bai iso ba. Burinta shi ne ta gano ko na kifin gulbinmu zai iya yi wa bairas ɗin hanta haka. Ba ta taɓa ce mini ta sami magani ba. Duk sanda na tambaya, amsarta ɗaya ce, "Muna dubawa."

Shekaru ta yi tana zuwa Argungu da kula cike da ƙanƙara, tana kankare yauƙi, tana tacewa, tana adanawa a firizar ɗakin gwaje-gwaje, domin feftayid ba ya jure zafi. A wani hutu cikin bazara wuta ta ɗauke, janareta ba mai, ba wanda ya sanar da ita. Da ta koma ta buɗe firizar, wari ne ya tare ta.

Na same ta a gidanta na unguwar Gesse bayan la'asar, tana zaune kan tabarma ko mayafi ba ta cire ba.

Ta ce, "Yaya, duk abin da munka tara ya lalace."

Na ce, "Gulbi bai ƙafe ba, Rabi. Sai a sake."

Ta dube ni ta ce, "Da wane lokaci?"

A wannan kallon ne na lura farin idonta ya fara sauya launi. Ta daɗe tana shan maganin da ke danne ƙwayar, amma dannewa yake yi, ba kawarwa ba, kuma hantar ta riga ta yi tabo, daji ya shiga. Likitoci sun yi bakin ƙoƙarinsu. Damina ta biyu ba ta same ta ba. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Rabi ta yi haƙurin, amma wutar ce ta mutu a ƙarƙashin tukunyar.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Kwanakin baya na biya shagon magani na ƙawarta Ngozi a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, wadda a garin aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasunmu. Ta ce mini a ƙasashen Turai ana amfani da wani maganin feftayid da ke toshe wa bairas ƙofar hanta, duk da cewa don wani nau'in ciwon ne daban da na Rabi. Na ji daɗi har na yi hamdala, ashe hanyar da ta bi ba ɓata ba ce. Sai Ngozi ta ƙara da cewa allura ce ta kullum, kuma a firji ake ajiye ta. Ta ce, "Yaya, ni kaina ban taɓa ganinsa da idona ba." Na yi mata sallama na fito. Da ruwan ciki akan ja na rijiya, mu kuwa wutar da za ta riƙe sanyin firji ma ba mu da tabbacinta. Ɗakin da Rabi ta yi aiki yana nan, amma ba wanda ya ɗora daga inda ta tsaya. Ɗalibanta masu ƙwazo sun watse, wani yana sayar da waya, wata ta bar ƙasar.

A makon jiya ɗan baffanmu Usman, manomin albasa a Augie, ya zo mini da ƙafafu a kumbure, rigarsa ta ɗame a ciki. Asibiti sun faɗa masa sunan ciwon, irin na Inna da Rabi ne. Bayan mun gaisa ya ce, "Yaya, maganin da Rabi take haɗawa fa? Ko an ƙare shi?" Na ce ya riƙe wanda likita ya ba shi, kada ya fasa sha. Ya gyaɗa kai, ya gane amsar.

To me ya saura na Rabi? Ba magani mai sunanta, ba wani gini da aka sa wa sunanta. Abu ɗaya na sani. Tun tana asibiti ta sa na yi mata alkawarin ba za a yanka ragon sunan jariri a zuri'armu ba sai an yi masa allurar rigakafin hanta tun ranar haihuwa. Matan gidanmu sun riƙe wannan, har surukai sun koya. Matar Usman tana da ciki, kuma in Allah Ya sauke ta lafiya ni zan kai su asibiti. Jaririn zai tsira da yardar Allah. Abin da ban sani ba shi ne ko ubansa zai kai ranar da za a raɗa masa suna.

Allah Ya jiƙan Rabi da Inna, Ya sa ciwon da suka sha ya zama kaffara.