Madam Berthe da Sunan Ɗan Fari

Kafin masu ƙosai na bakin kotu su kwashe kaskon farko, Yaya mai moto, wato babur ɗin haya, ya riga ya sauke Madam Berthe a ƙofa. Takan sauko a hankali, don gwiwa ta fara yi mata gardama, ta gyara ɗankwali, ta ce masa yau ma gudunsa ya yi yawa. Shi kuma ya rantse har mai keke ya wuce su a hanya. Wannan faɗan nasu ya tsufa, amma ba ta taɓa hawa moton wani ba.

Ofishinta yana can ƙarshen baranda, bayan ɗakunan da ake shari'a, a wata kotu ta nan Garwa. Ɗakin ajiyar takardu ne, taga ɗaya, fanka ɗaya mai ƙara fiye da iska. Da ta buɗe, ba kujera take nufa ba. Sai ta bi kantoci tana ƙwanƙwasa katako da ɗan yatsa, tana sauraro, don gara ba ta sallama in za ta shigo. Ta canza ganyen darbejiyar da take cusawa tsakanin ƙunshin takardu, ta ɗaure wanda ya kwance da ƙyallen da take roƙowa wurin tela. Sannan ta zauna, ta sa tabarau, ta jira mutane.

Mutanen kuwa ba masu murna ba ne. Mai neman kwafin hukuncin gado, mai neman takardar da kotu ta ba shi a madadin ta haihuwa, matar da ake musun sakinta. Ƙa'ida ita ce ka zo da lambar hukunci da shekararsa. To, wa ya riƙe lamba? Takarda ta jiƙe a damina, ko akuya ta tauna, ko ta bi wani akwati Maruwa ba ta dawo ba. Sai Madam Berthe ta koma ga suna, nan ma da nasa ciwon kan. Mutum ya ce shi Usmanu, alhali a rubutun faransanci yana can kwance ƙarƙashin harafin O. Takan yi dariya ta ce rabin mutanen Garwa sun ɓata ne tsakanin U da O.

Madam, ke ce mai haƙurin tambaya. Da Fulatanci kike tarbar wannan, da faransanci ki sallami wancan, Hausar da kika tsinta a gidan maƙwabta tun kina yarinya kuma ki ajiye wa tsofaffin 'yan kasuwa. Ba ki taɓa zama kan kujerar alƙali ba, ba wanda ya taɓa miƙewa tsaye don kin shigo. Amma hukunci in ya ɓace a cikin ɗakin nan, daidai yake da wanda ba a yanke ba, kuma ke kika hana shi ɓacewa.

Nadine, ma'aikaciyar da za ta gaji kujerar, ita ta ba da labarin da ya sa aka ɗauki alƙalamin nan. Daga kudu aka turo ta, tana da ƙwazo da tsabtar aiki, Hausarta ce dai lokacin ba ta wuce ta cefane ba.

Gab da faɗuwar damina ne wata tsohuwa, Inna Ramatu, ta zo daga Bibemi ita kaɗai. Ɗanta ya rasu ya bar mata marayu da gona guda, wadda daga ita suke ci. Shekarun baya ɗan ya yi shari'a da wani maƙwabci a kan gonar, ya yi nasara. Yanzu 'ya'yan maƙwabcin sun taso sun ce ba su san zancen ba. Kwafin hukuncin kuwa ya narke ranar da ɗaki ya rufta. Mai gari ya ce ta kawo takarda kafin shuka, in ba haka ba, ba shi da bakin hana su zuba iri. Hadari kuma ya fara haɗuwa a gabas.

Nadine ce a taga. Ta tambayi sunan mai ƙara.

"Abba," in ji tsohuwa.

Aka duba, babu Abba. Nadine ta ce, "Mama, sunan gaskiya. Na takarda."

Inna Ramatu ta sunkuyar da kai. "Shi dai yaron nan."

"To, sunan babansa?"

Tsohuwa ta ja mayafi ta rufe baki. Nadine ta ɗauka tsufa ne ya cinye sunan, ta ce mata cikin ladabi ta koma ta zo da wanda ya sani. Ba ta yi laifi ba, iyakar abin da aka koya mata ke nan. Sai dai babu wanda za a zo da shi. Mijin ya daɗe a ƙasa, duk Bibemi kuma da Abba suka san mamacin.

Madam Berthe ta fito shan iska ta tarar da tsohuwa zaune a ƙasan baranda, ga ƙullin kayanta a gefe, tana jan carbi, hawaye na bin kumatunta ba ta ko sharewa. Ta durƙusa, da gwiwar nan tata, ta gaishe ta. Da ta ji yadda aka yi, sai ta tuna maƙwabciyarsu ta ƙuruciya, wadda har ta mutu ba a ji sunan babban ɗanta a bakinta ba.

"Inna, ɗan fari ne?"

Tsohuwa ta ɗaga kai.

"Kuma sunan surukinki ya ci, shi ya sa ake ce masa Abba?"

"Ya ci, 'yar nan. Na sani sarai, yana nan cikin bakina. Amma ta ina zai fito? Na ɗan fari, na suruki, ga na maigida a bayansa. Tun daga mota nake gwadawa, harshena ya ƙi."

Wani zai ce ai gona ta fi kunya, ta daure ta faɗa mana. Wanda zai ce haka bai san cewa wannan shirun shi ne irin son da aka koya wa matan zamaninta ba. Ta riƙe shi tun tana amarya, kuma yanzu da ɗan ya tafi, shi kaɗai ya rage mata da za ta yi masa. Madam Berthe ba ta ce ta daure ba. Ta kama hannunta ta shigar da ita ɗakin takardu, ta ba ta kujerarta da ruwan randa.

Ta fara da shekara. Yaushe aka yi shari'ar? Daminar da ruwa ya tafi da rumfunan kasuwa, matar Abba na da cikin fari. Yarinyar da aka haifa, yanzu fa? Ta gama firamare bara. Da wannan Madam Berthe ta sauko da manyan littattafan rajista na shekarun da ke kusa, ta kira Nadine ta riƙe mata shafi.

"Inna, ba sai kin ce komai ba. Ni zan karanta sunayen mutanen Bibemi. In ba shi ba ne, ki ci gaba da jan carbinki. In shi ne, ki tsaya."

Ta shiga karantawa, tana mai da kowane suna daga rubutun faransanci zuwa yadda uwa za ta ji shi. Carbi na ƙas, ƙas, ƙas. Littafi ya ƙare, aka jawo wani. Zufa ta jiƙa musu riguna, lokacin abinci ya zo ya wuce. Nadine ta ce ita har ta fara fidda rai. Can Madam Berthe ta kai yatsa kan wani layi da aka rubuta Abdelkerim Youssouf, ta ce, "Abdulkarimu ɗan Yusufu."

Carbi ya tsaya.

Babu wanda ya motsa, fankar nan ce kawai ke ta ƙararta. Madam Berthe ta miƙa hannu za ta rubuta lambar, sai tsohuwa ta riƙe mata gefen zane.

"Sake faɗa, 'yar nan."

Ta sake.

"Tun ranar suna rabona da jin sa. Ko da ya rasu, cewa aka yi Abba ya rasu. Ƙara mini ɗaya."

Madam Berthe ta ƙara mata, a hankali. Nadine ta ce ita fita ta yi baranda ta yi kukanta.

Sauran aikin ƙa'ida ne. Lamba ta kai su ga ƙunshin, aka ciro hukuncin lafiya lau, da busasshen ganyen darbejiya manne a bayansa. Aka yi kwafi, aka manna tambur, wato kan sarki, babban magatakarda ya sa hannu. Yaya ya kai tsohuwa tasha, wai ranar ko shi bai yi gudu ba. Ruwan shuka ya sauka takarda na hannun mai gari, kuma irin Inna Ramatu ne ya shiga gonar.

A watan jiya Madam Berthe ta yi ritaya. Ranar 'yar walimar sallama, sai ga Inna Ramatu a taga da ƙullin gyaɗa a ka. Ta ce wa Nadine ta zo wurin ita yarinyar nan.

"Madam Berthe?" in ji Nadine.

Tsohuwa ta kawar da kai, ta ja mayafi ta rufe baki. Wannan karon Nadine ba ta sake tambaya ba. Ta gane an ba shugabarta matsayin da ba a faɗin sunan mai shi.

Mun gode, Madam. Allah ya huta da gajiyarki, ya sassauta wa gwiwar nan, ya saka miki da abin da ya fi gyaɗa. Ku kuma da ke zaune bayan taga, a kotu ne ko asibiti ko makaranta, in mutum ya yi shiru a gabanku, kada ku yi saurin kiran na baya. Ku jawo masa kujera tukuna.

Inna Ramatu ba za ta ƙara faɗin sunanki ba, don kin zama tata. Mu da ba mu kai wannan matsayin ba, mu za mu faɗa a madadinta: Berthe. In an ce mu sake, za mu sake.