Bunu Marowacin Caji

A Kirikasamma kowa ya san Bunu masunci da abu biyu: dariya mai tashin tsuntsaye daga fadama, da rowar cajin waya. Ka ce ya ba ka aron wayarsa ka kalli ƙwallo, sai ka ga kamar hanta ka ce ya ciro maka. Hasken fuskar wayar kullum a ƙasa yake, sai mutum ya ƙanƙance ido. Shi ya gano cewa inda sabis ke da rauni nan waya ta fi zuƙar caji, don haka in zai kalli wani abu sai ya tuƙa kwalekwale har gindin wata tsamiya da ruwa ya kewaye, inda sabis ke cika. Maimakon ya ƙure murya, sai ya jefa wayar cikin ƙwarya ta yi amo. Mutane suka yi ta tsiya, shi ko a jikinsa.

Ranar da autarsa Najwa za ta yi karatu a musabaƙar Alƙur'ani a Haɗeja, ambaliya ta datse hanya, mai cajin garin ma injinsa ya sha ruwa. Bunu ya nufi tsamiya da ɗan abin da ya rage a wayar, masu yi masa tsiya na biye a kwalekwalensu. Burinsa ɗaya, ya ji karatun nan har ƙarshe.

Ɗansa Safiyanu ya kira shi ta bidiyo daga zauren musabaƙar. Ga Najwa cikin farin hijabi, ga alƙalai da ƙararrawar da suke bugawa in an yi kuskure. Tana bisimilla batir ya yi ja.

"Safiyanu, kashe hoton, bar min muryar!" in ji Bunu.

"Haba Malam Bunu, ba ma gan ta ba?" wani ya ce.

"Fuskarta ai na sani, ni na haife ta."

Murya ta cika ƙwarya ta bazu bisa ruwa. Ba mai ko tari. Ta kai aya ta ƙarshe, zaure ya ɗauki kabbara, wayar ta mutu kafin a faɗi sakamako.

"Kash! To ta nawa ta zo?" suka tambaya.

Bunu ya share hawaye da hannun riga, daɗi ya kashe shi, ya ce, "Ku dai kun ji ƙararrawa? Ko sau ɗaya ban ji ba."