Tagullar da Baba Manu Ya Wanke

Ƙarfe tara da kwata na safiyar wata Laraba, har yau ina tuna lokacin, na buɗe akwatin duwatsu na ga dutse mai lamba bakwai ya yi fari fat.

Lokacin Birnin Kebbi tana cikin Jihar Sakkwato. Ina ɗaliba mai karatun ilimin duwatsu, an turo ni wani ofishi aikin koyo na wata shida. In shugaban ofis bai sa hannu a littafina na koyon aiki ba, sai na maimaita shekara. Shugaban, Malam Garba, ya shekara goma yana tara duwatsu masu tagulla daga gabashin jiha, don ƙasarmu ta fadama ba ta da su. Ni ya damƙa wa su. Lamba bakwai ya fi kowanne wuyar samu, kuma darajarsa duka tana cikin wani ɓawo siriri, shuɗi da kore, da ke manne a bayansa.

Za mu kai su Argungu a nuna wa 'yan makaranta, sai na ba masinjanmu Baba Manu akwatin ya ajiye. Ina jin nauyinsa sosai, don haka abin da na iya faɗa kawai shi ne, "Baba, tagulla ce, a kula da ita."

A safiyar Larabar nan na je na same shi, dutsen na hannuna. "Baba, me ya sami wannan?"

"Wanke shi niy yi, ɗiyata. Ba ke kinka ce tagulla ta ba? Wa ka kai wa baƙi tagulla da tsatsa? Tsamiya nij jiƙa, da toka. Wanga ya fi ba ni wahala. Sauran sai an jima."

Na ɗauke akwatin. Na rubuta rahoto shafi huɗu, har da bayanin yadda tsami ke cinye irin wannan ɓawo, na ajiye wa Malam Garba tare da littafina. Ya karanta, ya juya dutsen, ya ajiye. Muka je Argungu muka dawo, bai sa hannu ba.

Ranar Litinin na daure na ce, "Ranka ya daɗe, littafin fa?"

Ya ce, "Zan sa hannu, Hafsatu, bayan kin zauna kin yi wa Baba bayanin nan da bakinki. Ni da na san dutsen kin ba ni shafi huɗu. Shi da zai ɗauke shi kin ba shi kalma bakwai."