Kunkurun Inna Ladi da Facin Taya

Magariya zuwa Dungas

Ana idar da sallar asuba na rataya jakar aiki na nufi tasha, raina a ɓace. Ni da na zo sitaj, wato koyon aikin likitan dabbobi, ina mafarkin barewa da jimina, sai ga Likita Mamman, wanda nake ƙarƙashinsa a ma'aikatar kiwo ta Magariya, ya tura ni duba kunkuru. Kunkuru fa, jama'a!

"Ba namun daji ka ce kana so ba? To ga naka," in ji shi. Sai kuma ya daina dariya. "Amma ka ji da kyau. Amalanke ce ta taka shi, bayansa ya tsage. Tsohuwar da ke da shi ta daina cin abinci tun ranar da shi ya daina. Ɗanta ne ya kira ni."

Na sayi ƙosai na dala ashirin da kunu, na samu gaban wata a-kori-kura mai zuwa kasuwar Dungas. Lokacin kaka ne, hagu da dama sai dammunan hatsi a jere a gonaki. Direban mutum ne mai son zance. Da ya ji abin da zai kai ni, saura kaɗan ya saki sitiyari.

"Duk wannan boko, a kan kunkuru zai ƙare? To ta ina za ka yi masa allura?"

Na ce masa sirrin aiki ne. Gaskiyar magana, ni ma a littafi kawai na taɓa gani.

Dungas zuwa bayan Dogo-Dogo

Da hantsi muka shiga Dungas. Malam Habu, ɗan tsohuwar, yana jirana da kabu-kabu biyu. Daga nan fa sai yashi. Sau biyu muna sauka mu tura, ƙarangiya ta yi wa wandona ado. Mun wuce Dogo-Dogo rana ta take, muka isa wani gida mai rumbuna uku da turken shanu a baya.

Inna Ladi na zaune kan tabarma a gindin ɗan bedi, wato darbejiya, ta rame, idanu sun faɗa. Gefenta ga kunkurun, ƙato, ya kai turmin daka. Na durƙusa na gaishe ta.

"Sannu da hanya, ɗana. Ga Dattijo nan. A gidan nan na tarar da shi ina amarya. Mai gidana ya tafi, ƙawayena duk sun tafi, da shi kaɗai nake hira. In ya tafi, me zan zauna yi?"

Duk girman kan da na taho da shi sai ya zube. Wallahi ta ba ni tausayi.

Da na duba bayansa sai na ga wani baƙin abu shimfiɗe a kan tsagar. Na shafa. Roba ce, robar cikin taya!

"Malam Habu, wannan fa?"

Ya sosa ƙeya. "Ai da muka ga ya tsage, muka ce kada iska ta shiga. Sai na ɗauko mai facin babura daga Dogo-Dogo. Ƙwararre ne, likita, facinsa ba ya tashi."

Ban san lokacin da dariya ta kufce mini ba. Ya ce har goge wurin mutumin ya yi, ya shafa gam, ya danna, ya bubbuga, ya ce a bar shi ya sha iska. Aikin kirki suka nufa, sai dai garin neman gira an kusa rasa ido. Ƙuda ya riga ya yi ƙwai a raunin kafin a rufe.

Ban yi musun ƙwarewar mai facin ba, domin sai da na haɗa gumi kafin robar ta ɗago. Warin da ya taso ya kori kowa, ban da Inna. Ita ce ta riƙe mini ƙwaryar dafaffen ruwan gishiri ina ɗauraye tsagar, ina tsince tsutsa ɗaya-ɗaya. Da na ga raunin bai huda zuwa huhu ba, na yi ajiyar zuciya.

Allura kuwa, Dattijo ya ce bai san zance ba. Ya janye kai da ƙafafu ya kulle gidansa. Na ja, na lallaba, na yi roƙo. Sai da muka zaunar da shi a faffaɗan kwano mai ruwan ɗumi, ya ji daɗi ya miƙo ƙafar gaba, na yi wuf na soka. Ya huro mini wata iska ta hanci, alamar ba zai yafe ba.

Sannan na faɗi magana mai nauyi: raunin na son wanki kullum da gidan sauro saboda ƙuda, kuma sai ya bushe za a ɗaure ƙoƙon bayansa da wayar ƙarfe. Dole in tafi da shi Magariya.

Inna ta dubi Dattijo. Can ta ce, "Tun da nake ban taɓa kwana ba ya gidan nan ba." Ta shafa bayansa. "Ka ɗauke shi. Amma ba ya son hayaniya, kuma kankana yake so, ba guna ba."

Na roƙe ta ta sha ko fura ce. Ta kurɓa sau ɗaya don kunyata, ta ture ƙwaryar.

Komawa

Babur ba zai ɗauki Dattijo ba. Amalanken da ta taka shi ita ta ɗauko shi, a kan shimfiɗar harawa, ni da Malam Habu muka ɗora shi da ƙyar. Muka shiga Dungas gab da magariba. Na kwana a gidan wani ma'aikacin kiwo, aka karrama ni da tuwon hatsi da miyar kuka, mara lafiyata kuwa ko kallon ganye bai yi ba.

Da safe direban jiya na sake samu. Ya ce kujerar mutum guda zan biya wa fasinjan, tunda ya fi wasu faɗi. A shingen binciken shiga Magariya wani ma'aikacin gandun daji ya ɗaga buhun da na rufe shi da shi, ya dube ni, ya karanta takardar da Likita ya ba ni.

"Ba sayarwa za ka yi ba ko?"

"Asibiti za mu, ranka ya daɗe."

"To Allah ya ba shi lafiya. A gaida dattijo." Bai ma san sunansa ke nan ba.

Magariya

Na kafa masa gidan sauro a inuwar bayan ofis. Kwana ɗaya, kwana biyu, bai taɓa abinci ba. Kullum Malam Habu sai ya kira, kullum amsa ɗaya, shi ma ya ce Inna ruwa kawai take sha. Hankalina ya tashi ƙwarai, har nakan tsuguna ina yi wa kunkuru magiya kamar mahaukaci.

Ranar Juma'a da hantsi, bayan na wanke raunin, na ajiye masa yankan kankana na juya ina wanke hannu. Sai na ji ƙurus. Na waiwaya: ya miƙo wuya, bakinsa ja wur!

Nan take na kira Malam Habu na ce ya kai wa Inna wayar. Na kara wayar a bakin Dattijo, ta ji tauna da kunnenta.

Sai na ji ta fyace hanci, ta ce Alhamdulillahi. Na ce godiya ta tabbata ga Allah, sannan gare ta da ta amince mini da shi. Ban tabbata ta ji ni ba, domin ta riga ta ɗaga murya tana kiran ɗanta:

"Habu! Ku kuma kun tsaya kallona? A zubo mini tuwon nan, ko na jiya ne!"